Iyakar Idon Kyamara a Cikin Bango: Martani ga Mai Cewa an Gama da Na'urorin Sauraren Sirri

Daga cikin abubuwan da aka rubuta a baya-bayan nan game da tsare sirrin ofisoshi da ɗakunan taro, akwai wata maƙala da marubucinta ya tsaya kai da fata a kan cewa kyamarar leƙe ta kawo ƙarshen fargabar na'urorin sauraren sirri da ake ɓoyewa a cikin bango. Kyamarar leƙe ita ce 'yar ƙaramar kyamarar nan da ake haɗawa a bakin doguwar waya mai lanƙwasuwa, kewaye da ƙananan fitilu, wadda ake zurawa ta rami ta riƙa aiko da hoton abin da ke ciki zuwa allon wayar hannu ko na kwamfuta. A ganin marubucin, tun da kuɗinta ya faɗi har ta kai hannun kowa, kuma tun da gani ya kori ji, duk wanda yake zargin ana satar jin maganarsa ba ya bukatar ƙwararre ko tarin na'urori masu tsada; abin da ya rage masa shi ne ya huda bango, ya zura kyamara ya duba, idan bai ga komai ba ya saki jiki ya ci gaba da harkokinsa. Ra'ayin yana da daɗin ji, musamman ga wanda ba shi da halin ɗaukar hayar masu bincike, amma idan aka auna shi da yadda ake gina bango, da yadda ake ƙera waɗannan na'urori, da kuma tarihin waɗanda aka gano a zahiri, za a tarar cewa marubucin ya ɗora wa kayan aikin nauyin da ya fi ƙarfinsa, kuma ƙarshen shawararsa, wato sakin jiki bayan rashin gani, ya fi komai haɗari a cikinta.

Ya kamata a fara ba wa kyamarar haƙƙinta, domin ba abin wasa ba ce. Tushenta yana komawa ga madubin da ake leƙa cikin bututun bindiga da shi, sannan ga binciken da Harold Hopkins da Narinder Kapany suka wallafa a Ingila a 1954, inda suka nuna cewa damin siraran zaren gilashi zai iya ɗaukar hoto ya bi da shi ta kwana, abin da likita Basil Hirschowitz ya mayar na'urar duba cikin tumbin ɗan Adam a 1957. Ta yau, wadda kaurin kanta bai cika wuce milimita 5 zuwa 8 ba, tana taimakon injiniyan jirgin sama, da mai gyaran famfo, da bakaniken da ya kwance fulogi ya zura ta cikin silinda don ya ga ko fistin ya ƙone. Sai dai duk waɗannan ma'aikata sun yi tarayya a abu biyu da marubucin bai lura da su ba: sun san ainihin wurin da za su duba tun kafin su ɗauki kyamarar, kuma sun san kamannin lafiyayyen abu, don haka ɓarna tana bayyana musu da kallo ɗaya. Mai neman na'urar sauraro a bango ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun.

Batun wurin dubawa ya fi yadda marubucin ya zata wuya, kuma a nan ne ake gane cewa bangon da ke cikin tunaninsa na Amurka da Kanada ne, inda ake kafa katako a tsaye da tazarar inci 16, kimanin santimita 40, a rufe su gaba da baya da allunan jifsam, wato wata farar ƙasa da ake dannewa tsakanin takardu biyu, a bar fili a tsakiya. Ko a irin wannan bango filin ba ɗaya ba ne, domin kowane katako ya raba shi da na kusa, saboda haka bango mai tsawon mita 4 yana da gurabe kusan 10, ɗaki mai irin wannan bango huɗu kuma yana bukatar huda kusan 40, ba a ma lissafa guntayen katakon da ake gittawa don hana wuta hawa sama ba, ko audugar gilashin da ake cusawa don tare sanyi, wadda da zarar kan kyamara ya nutse cikinta hoto ya ƙare. Idan aka dawo ga ginin da aka saba da shi a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, lissafin ya ƙara dagulewa. Bulon siminti mai inci 6 ko 9 yana da rami biyu, kuma ana jera kusan guda 10 a kowace murabba'in mita, wanda ke nufin bango mai mita 4 a tsawo da mita 3 a tsayi ya ci bulo kusan 120, ramukansu kusan 240. Kwaɓin simintin da ke zubewa ciki lokacin da birkila yake jeri yakan toshe hanya tsakanin wani layi da wani, ta yadda kyamarar da aka zura ba ta cika yin nisa ba kafin ta ci karo da busasshen siminti. Ginshiƙai da dekin kuwa kankare ne curarre da rodi a ciki, haka ma katangar tubali da laka ba ta da wani fili da za a leƙa. Wanda ya bi shawarar marubucin a irin waɗannan gidaje zai mayar da bangonsa rariya, kuma har ya gaji bai ga kashi ɗaya cikin goma na abin da ke ciki ba.

A ɗauka ma an dace da rami mai fili. Abin da ke fitowa a allo ba ya kama da hotunan talla. Fitilun da ke kewaye da kan kyamarar ba sa haska fiye da 'yan santimitoci, abin da ke kusa yana yin fari fat saboda hasken ya yi masa yawa, abin da ke nesa kuma yana ɓacewa cikin duhu. Ƙurar hudar da aka yi yanzu tana yawo a gaban gilashin, yanar gizo-gizo tana manne masa, wayar tana murɗawa da kanta har mai dubawa ya kasa sanin ina sama ina ƙasa. A cikin wannan hazo zai hango guntun farin bututun roba, da ƙusa mai tsatsa, da wata baƙar waya da ta fito daga hagu ta shige cikin siminti a dama. Ko wayar fanka ce, ko ragowar tsohon wayarin da aka watsar, ko kuwa jijiyar makirufo ce, hoton ba zai faɗa ba, domin kyamara ba ta auna wutar da ke gudana a waya, ba ta jin igiyar rediyo, ba ta kuma ganin abin da ke bayan yaɓe ko da kaurinsa bai kai na farce ba.

Wannan ya kai ga zaton marubucin na biyu, wato cewa na'urar sauraro tana da kamannin da kowa zai gane, akwati ƙarami da batir da 'yar waya. Shahararriyar na'urar da tarihi ya sani ta rusa wannan zato tun kafin a ƙirƙiro kyamarar da ake magana a kai. A watan Agustan 1945 wata tawagar yara 'yan ƙungiyar matasan Tarayyar Sobiyet ta ba jakadan Amurka a Mosko, Averell Harriman, kyautar tambarin ƙasarsa da aka sassaƙa da katako, shi kuma ya rataye shi a ɗakin karatun gidansa. A cikin tambarin akwai wani ɗan gwangwanin ƙarfe da siririyar fata a bakinsa da sandar eriya mai tsawon kimanin santimita 23, aikin Leon Theremin, mutumin da ya ƙirƙiro kayan kiɗan lantarki mai ɗauke da sunansa. Babu batir a ciki, babu waya, babu wani abin da ke cin wuta. Sai an hasko shi da igiyar rediyo daga waje yake aiki, inda muryar masu magana ke girgiza fatar, girgizar kuma ta hau kan igiyar da ke komawa wurin masu sauraro. Shekara bakwai yana rataye, sai a 1952, zamanin jakada George Kennan, aka gano shi, kuma hanyar ganowar abin lura ce: masu bincike sun sa jakadan ya yi kamar yana shifta wa sakatariyarsa wasiƙa, don masu sauraro su kunna na'urarsu, su kuma suka bi sawun igiyar da rediyon bincike har ta kai su ga tambarin. Ko bayan an fito da abin, ƙwararru sun ɗauki lokaci kafin su fahimci yadda yake aiki. Lokacin da wakilin Amurka Henry Cabot Lodge ya buɗe tambarin a gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Mayun 1960, sai da ya yi bayani kafin mahalarta su san abin da suke kallo. Da wuya a yarda cewa wanda ya hangi irin wannan gwangwani cikin hazon ƙura a allon wayarsa zai bambanta shi da wani guntun ƙarfen gini.

Abin da aka tono a tsohon ofishin jakadancin Amurka na Mosko a 1964 ya fi kusa da batun marubucin, domin wannan karon a cikin bango ne na gaske. Makirufo fiye da 40 aka samu, an binne su can cikin jikin ginin, a bayan ƙarafan ɗumama ɗaki, kowanne da siririn bututun da ba na ƙarfe ba wanda ke kai masa sauti daga fuskar bangon, ta yadda na'urar gano ƙarfe ba za ta ji komai ba sai ƙarfen ɗumama ɗakin da ke gabansa. Ba a cikin wani fili suke ba balle a zura musu kyamara. Sai da aka rushe bangon wani ɗaki gaba ɗaya kafin a ga waya ta farko, daga nan aka bi ta zuwa sauran.

Masu wannan sana'a ba su jefar da kyamarar leƙe ba, tana cikin jakarsu, amma matsayinta a jerin aiki yana can kusa da ƙarshe. Suna farawa da tambayar wa ya gina wurin, wa ya yi gyara a cikinsa, wa yake riƙe da mabuɗi, sannan su yi amfani da na'urar tantance igiyoyin rediyo, wadda ke zana duk saƙon da ke yawo a iska don a ware baƙo daga na gida, kuma sukan bar ta a kunne na dogon lokaci saboda akwai na'urorin da ke tara magana su aika da ita a dunƙule cikin ƙiftawar ido. Akwai kuma na'urar gano mahaɗar lantarki, mai doguwar ƙota da faffaɗan kai da ake bi da shi a jikin bango, wadda ke aika igiyar rediyo ciki ta saurari abin da zai dawo: duk wani diyod ko tiransista, wato ƙananan ƙwayoyin da kowace na'urar zamani take ɗauke da su, yana maido da igiyar da ninki biyu ko uku na saurin kaɗawarta, ko da na'urar a kashe take ko batirinta ya mutu. Ana ƙarawa da kyamarar ganin zafi, da awon wayoyin wuta da na tarho, da hoton eksire idan abin ya kai ga haka. Sai ɗaya daga cikin waɗannan ta nuna wani tabo mai faɗin tafin hannu, sannan ake huda ƙaramin rami a zura kyamara, domin na'urar gano mahaɗa takan yi kuka a kan ƙusa mai tsatsa da ta taɓa wani ƙarfe, kuma leƙawa ta fi fasa bango arha. Aikin kyamarar ke nan, tabbatar da zargin da wata na'ura ta riga ta taƙaita, kuma aiki ne mai daraja. Kuskuren marubucin shi ne cire ta daga wannan jeri ya miƙa wa mai karatu ita kaɗai.

Abin da ya fi wannan raunana hujjarsa shi ne cewa da yawa daga cikin manyan ganowa ba daga bango suka fara ba. A watan Disamban 1999 hukumar FBI ta kama wani jami'in ofishin jakadancin Rasha, Stanislav Gusev, a kusa da ma'aikatar harkokin wajen Amurka a Washinton, bayan jami'anta sun lura da yadda yake yawan ajiye motarsa a wurin yana zama ba gaira ba dalili. Na'urar da yake sauraro tana cikin katakon adon da ke zagaye bangon wani ɗakin taro a hawa na bakwai na ma'aikatar, an yi mata fenti daidai da sauran katakon. A 1984 kuma hukumar NSA ta Amurka ta gano na'urori a cikin tafireta 16 ƙirar IBM da ake aiki da su a ofisoshin Amurka na Mosko da Leningirad, an ɓoye su a cikin wata sandar ƙarfe ta jikin injin suna aika duk harafin da aka buga, kuma hoton eksire ne ya tona su bayan an kwashe kayan ofis an mayar Amurka. A nahiyar Afirka ma, rahoton da jaridar Le Monde ta Faransa ta buga a Janairun 2018 game da hedikwatar Tarayyar Afirka a Adis Ababa, wadda ƙasar Sin ta gina aka buɗe a 2012, ya ce ma'aikatan kwamfuta ne suka fara lura da bayanai suna fita da tsakar dare zuwa Shanghai, daga baya ne bincike ya kai ga makirufo a tebura da bango. Gwamnatin Sin ta musanta zargin, shugabannin Tarayyar ma sun yi watsi da shi, amma ko a yadda jaridar ta kawo labarin, rijistar kwamfuta ce ta fara magana.

Mai kare marubucin zai iya cewa duk waɗannan rigingimun gwamnatoci ne, alhali maƙalar ta yi magana ne da ɗan kasuwa ko lauya ko matar da tsohon mijinta yake bibiyarta. Wannan gaskiya ne, amma bai taimaki hujjar ba. Wanda ba shi da ƙarfin gwamnati da wuya ya binne abu a cikin bango, domin hakan yana bukatar sassaƙa da yaɓe da fenti da ɗaki babu kowa na tsawon sa'o'i, kuma sabon yaɓe yana tona kansa idan aka jingina tocila a jikin bangon aka haska shi ta gefe. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne soket, da caja, da agogon bango, da saman silin, da ƙarƙashin kujerar mota. Ko a ofishin jakadancin Ikwado da ke Landan, lokacin da Julian Assange yake fake a ciki, makirufon da ministan harkokin wajen ƙasar, Ricardo Patiño, ya sanar da ganowa a watan Yulin 2013 a cikin soket na ofishin jakadiya yake, wurin da sukudireba ta isa buɗewa. Fiye da haka, wayar hannun da ke aljihun mai zargin tana da makirufo da batir da hanyar intanet, kuma tun bayan abin da aka fallasa a 2021 game da manhajar leƙen asiri ta Pegasus ba a bukatar dogon bayani a kan yadda ake mayar da ita kunnen wani. Mutumin da ya ajiye irin wannan waya a kan tebur ya tafi huda bango ya bar jaki yana dukan taiki. Inda kyamarar leƙe za ta amfane shi da gaske shi ne saman silin da bututun wayarin da hanyar iskar na'urar sanyaya ɗaki, wuraren da suke da fili tun asali kuma ba sa bukatar huda, amma marubucin bai tsaya a kansu ba.

Ita kanta hudar tana da illolin da maƙalar ta tsallake. Bayan haɗarin faɗa wa wayar wuta ko bututun ruwa, ƙarar injin huda a kusa da makirufo sanarwa ce ga mai sauraro cewa an farga, sai ya kashe na'urarsa daga nesa ko ya janye ya jira, kuma idan an yi sa'a an ci karo da ita, ciro ta da hannu yana goge zanen yatsa da sauran shaidun da 'yan sanda da kotu za su nema. Mafi muni shi ne halin wanda ya duba bai gani ba. Kafin binciken yana taka-tsantsan, yana fita waje idan zai yi magana mai nauyi. Bayan binciken ya sami tabbacin da ba shi da tushe, ya dawo da maganar cikin ɗaki.

Sabon ginin ofishin jakadancin Amurka a Mosko ya nuna inda wannan matsala take ƙarewa idan abokin hamayya yana da hannu a ginin tun daga tushe. Yarjejeniyar 1972 ta bai wa 'yan kwangilar Sobiyet damar zuba ginshiƙai da sauran sassan kankare a masana'antunsu, nesa da idon Amurkawa, aka aza harsashi a 1979, kuma tun a farkon shekarun 1980 hotunan eksire suka fara nuna abubuwan da ba su cikin zanen gini a jikin ginshiƙan. A watan Agustan 1985 aka sallami ma'aikatan Sobiyet aka dakatar da aiki. An ruwaito cewa an barbaɗa ɗimbin diyod a cikin kankaren don na'urar gano mahaɗa ta riƙa kuka a ko'ina, ta yadda ba za a iya ware na gaske daga na bogi ba, kuma masu bincike sun yi zargin an tsara wasu rodin don su yi aikin eriya. A nan babu ramin da za a leƙa, domin jikin ginin shi ne abin zargi. A 1987 kwamitin leƙen asiri na majalisar dattawan Amurka ya ba da shawarar a rushe shi, kuma ko da shugaban hukumar leƙen asirin Sobiyet ta KGB na ƙarshe, Vadim Bakatin, ya miƙa wa jakada Robert Strauss zanen wuraren da aka dasa na'urorin a watan Disamban 1991, Amurkawa ba su yarda cewa an ba su duka ba. Ƙasar da ta mallaki kowace irin na'urar bincike ta kasa tabbatar wa kanta cewa bango ɗaya a ginin yana da tsabta, sai ta rushe hawa biyu na sama, ta ɗora sababbi huɗu da hannun ma'aikatanta da aka tantance, da kayan gini da aka yi wa rakiya tun daga Amurka, ta keɓe ayyukan sirri a can sama, sannan aka buɗe ginin a shekarar 2000.